Wuyana da Wuyan Tulu

Duk sarƙar duwatsun da kika gani a wuyan wata mace a Gwandu, in dai ta yi kyau, ni na fara sa ta. In ba ta yi kyau ba, ba daga gidanmu ta fito ba.

Sana'ar Inna ke nan tun kafin ta haife ni: sarƙa, abin hannu da 'yan kunne. Da an karya kumallo an share tsakar gida, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro ta jera kayan aikinta. Gwangwanayen madara ne cike da duwatsu, kowane launi da nasa gwangwanin, sai faranti, da siririyar waya, da zaren fatsa irin na masunta, da wata 'yar filaya da ta tsufa har an naɗe mata hannu da tsumma. Tabarau a kan hanci, bakin zare a tsakanin haƙora. Saboda zaren nan, rabin faɗan da Inna ta yi mini a duniya ta cikin haƙora ya fito, kuma ko kalma ɗaya ba ta taɓa ɓacewa a hanya ba.

Inna ba ta da abin awo irin na tela. Tana da ni. In mace ta zo sayen sarƙa karon farko, Inna za ta zagaya mata zare a wuya, sannan ta kira ni ta gwada zaren a nawa. Daga ranar ta haddace: wance wuyan ɗiyata da yatsa biyu, wance wuyan ɗiyata ba yatsa ɗaya. Matar ba sai ta sake takowa ba. Aike kawai za ta yi, a ce tana son ja da fari, Inna ta ɗaga murya ta ce, "Kawo wuya." Haka matan Ceberu da na Kambaza suke samun sarƙa daidai da su ba tare da sun bar ɗakunansu ba. Abin da ya taimaki Inna shi ne, tun ina aji shida na firamare wuyana ya tsaya cik. Ƙafa ta yi ta girma har takalmin Baba ya fara jin tsorona, baki kuwa ba a magana, amma wuya yana nan inda yake. Inna ta ce Allah ne ya tsayar da shi don sana'arta.

Ladan aikin ba shi da yawa. Ina sa sarƙar amarya gwargwadon lokacin da kaza take haɗiye tsaba, kafin in kai ga madubi an ce in cire. Tawa ta kaina ɗaya ce, an haɗa ta da ragowar duwatsun mutane, launi ya fi ashirin, kamar an yi dambe a teburin mai alewa. Amma ban damu ba. Ko a makaranta in wata ta yi mini gani-gani, sai in tuna da wuyana aka auna uwarta, in yi gaba abina.

Akwai kuma abin da nake yi wanda ba a sa ni ba, wato ƙorafi. Da an ɗora mini sarƙa zan fara. "Inna, tana suka ta." "Inna, ƙugiya ta kama mini gashi." Inna takan ce da bakina sarƙa ne da ya zagaye Gwandu ya yi saura. Duk da haka takan ɗauki filaya ta ɗan matse wurin, tana mita.

Ana nan sai dogon hutun bara ya zo, ya zo mana da taubashiyata daga Kalgo.

Ɗiyar Kawu ce, ƙanen Inna, kuma sa'ata ce. Da yake ita ɗiyar namiji ce ni ta mace, tun muna yara take kirana baiwarta, cinikin da ba a yi shi a gabana ba. Mahaifiyarta tana da rumfar abinci kusa da jami'a. Wai 'yan matan jami'ar sun ga abin hannun da Inna ta yi wa taubashiyar tawa, suka ce su ma suna so, har da sarƙa. Sai ga ta da tsohuwar wayar uwarta cike da hotuna, da wani sabon yanga da ta koyo wurin zuba wa ɗalibai miya.

Sai kuma wuyan. Ban san lokacin da ya fito mata ba, domin zuwanta na baya kanta a kan kafaɗa yake zaune kamar na kowa. Wannan karon in ta sha ruwa da hantsi sai azahar yake isa cikinta. In an yi sallama a zaure ba ta tashi, leƙawa take yi daga inda take zaune.

Irin sarƙar da ɗaliban suke so ba mai saukowa ƙirji ba ce, mai kama wuya ce, wadda take zama daram kamar an zana ta. Inna ta duba hotunan, ta jawo gwangwanin baƙaƙen duwatsu da na ruwan zinariya, ta yi ta zurawa har la'asar. Da ta gama ta ce, "Kawo wuya."

Na ajiye tsintsiya na taho.

"Ba ke ba," in ji Inna.

Na waiga bayana ko akwai wata. Akuya ce kawai a turke.

"Ɗiyan makarantar ga irin wuyanta gare su," Inna ta ce ta cikin haƙora. "Taho, uwata."

Taubashiyata ta taso tana rangwaɗa, ta zauna a wurina, a daidai inda tabarmar ta loɓa saboda zamana na shekaru. Ta ce, "Baiwata, matsa mini, kina tare haske."

"Hasken mi? Ke da kike kusa da rana?"

"Gwaggo, kin ji ta ko?"

"Na ji ta tun ran da anka haife ta," in ji Inna.

Aka ɗora mata sarƙar. Ta yi shiru kamar hoton bango. Ba ta ce tana suka ba, ba ta ce ta kama gashi ba. Inna ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin ga yadda ake zama? Ba motsi, ba surutu." Ni dai ban ga komai ba, domin idona ya cika da ƙurar shara. Ƙurar shara ce.

Abin bai tsaya nan ba. Kowace sarƙa aka gama, sai taubashiyata ta jingina da farin bangon ɗakin Baba ta ɗauki hoto, daga haɓa zuwa kafaɗa, ta tura wa ɗaliban. Wayar ta yi ta ƙara kamar tsuntsu ya faɗa tarko. Wata ta ce a yi mata irinta, wata ta ce ita kore take so. Yarinyar da take aji ɗaya da ni, wuyanta ya riga ta shiga jami'a. Ni kuwa da na yi wa gidan nan bauta tun ina da majina, aka mayar da ni mai tsince duwatsun da suka faɗi a ƙasa.

Sai na yanke shawara. In dai miƙewa ce, ai wuya ba ƙarfe ba ne.

Na fara da ɗora haɓa a kan katangar banɗaki ina sakin jiki. Na koma tafiya ina kallon sama, har na taka kaskon ruwan kaji sau ba adadi. In zan sha koko sai in ɗaga kai kamar agwagwa. Wata rana Baba ya dawo daga gona ya gan ni a sandare, fuskarsa ta canza, ya ajiye fartanya ya taɓa mini goshi.

"Ke, sunkuyar da kai in gani."

Na sunkuyar.

"Alhamdu lillahi. Na ɗauka sanƙarau ne. To mi kike kallo a sama?"

"Hadari, Baba."

Ya duba sama, babu ko gajimare ɗaya. Ya dube ni, ya ɗauki fartanyarsa ya shige.

Ana cikin haka damata ta zo. Akwai wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli a bayan gidanmu, tana cikin tsofaffin masu sayen kayan Inna. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi dariya tattabarun unguwa sukan tashi. Awonta kowa a gidanmu ya san shi: wuyana da yatsa huɗu. Ɗiyarta ta haihu a Kambaza, za ta je suna, kuma ta ji labarin sarƙar 'yan jami'a. Ta aiko a ce ita ma mai kama wuya take so, ja wur, da babban dutse a tsakiya, don dangin mijin ɗiyarta su san daga gari ta zo.

Inna ta yanko zare ta ce, "Kawo wuya."

Ban motsa ba. Na ci gaba da tsintar duwatsu kamar ban ji ba.

"Ke nike kira, mai baki."

Na taso a hankali don kowa ya gani. Taubashiyata tana gefe da waya a hannu, kuma na lura ta ɗaga ta. Zuciyata ta ce mini, yau ce ranar. Wannan hoton zai je Kalgo, 'yan jami'a za su gani, su ce ina aka ɓoye wannan tun tuni. Na zauna, na sauke kafaɗu har suna neman taɓa tabarma, na ɗaga haɓa, na ja numfashi na riƙe, na miƙe wuyan nan iyakar abin da Allah ya hore mini. Na ji wani abu ya yi ƙas a bayan kunnena, ban kula ba. Inna tana bayana, idonta a kan zare. Ta zagaya, ta sa yatsunta huɗu, ta ƙulla alama, ta ce in tashi. Ko ƙorafi ban yi ba, domin babu numfashin yin sa.

Ranar suna da hantsi Hajiya ta shigo cikin leshi mai walƙiya, turarenta ya riga ta sallama. Mai mota yana jiran ta a bakin hanya. Ta zauna a kujerar tsakar gida, kujerar ta yi kuka, Inna ta zagaya bayanta da sarƙa.

Bakin sarƙa da ƙugiya suka ƙi gaisawa.

Inna ta ja. Ta sake ja. Ta gyara tabarau.

"Hajiya, ko dai an ƙara lafiya?"

"Wace lafiya? Ni da nike azumin Litinin da Alhamis? Ja dai, mai mota na jira."

Inna ta ce wa taubashiyata ta riƙe gefe ɗaya. Su biyu suka taru kamar masu ɗaure buhun gero, har ƙugiya ta shiga. Hajiya ta miƙe. Sarƙar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai idanunta sun ɗan fito, kuma da ta ce a ba ta madubi, muryar da ta fito ta ɗan akuya ce.

"Ta ɗan kama," in ji ta.

"Ai mai kama wuya kinka ce," in ji Inna, amma ba da ƙarfi ba.

A daidai lokacin maƙwabciyarmu ta zuba tattasai a mai. Ƙaurin ya tsallako katanga. Na ga hancin Hajiya ya motsa, na ga ta buɗe baki, na ja da baya. Atishawar da ta yi, na tabbata an ji ta a Kambaza, an san tana tafe. Zoben ƙugiya ya buɗe, zare ya tsinke, jajayen duwatsu suka yi tsalle sama suka zubo kamar ƙanƙara, a kan tabarma, a cikin turmi, a cikin tukunyar miya. Kajin gidanmu, waɗanda ba su taɓa yin sauri don wani abin kirki ba, suka fito daga ko'ina. Muka bi su da tsintsiya da faifai. Babban dutsen tsakiya dai zakara ne ya haɗiye shi, da idona na gani, kuma tun daga ranar cararsa ta canza.

Hajiya ta tafi suna da tsohuwar sarƙarta. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Shekara nawa muna tare ba ki taɓa yi mini haka ba." Wannan maganar ta fi atishawar ƙarfi. Inna ta tsaya da guntun zare a hannu.

Da muka gama tsince abin da kaji suka rage, Inna ta ɗauko zaren awon mai alama ta ce in zo.

"Zauna yadda Allah ya yi ki."

Na zauna yadda Allah ya yi ni. Ta zagaya zaren, ta sa yatsu. Biyu suka shiga, na uku ya tsaya a waje yana kallo.

"Ina sauran yatsuna biyu?"

"Inna, ƙila zaren ne ya sha rana ya tsuke."

"Gwaggo, in nuna miki wani abu?" in ji taubashiyata. Ta miƙa wayar.

Ashe ta ɗauki hoton. Ba daga haɓa zuwa kafaɗa ba, gaba ɗayana. Ga ni nan kamar zalɓe ya hango kifi, jijiyoyi a tsaye, ido a waje, Inna a bayana tana ƙulla zare cikin natsuwa. Taubashiyata ta yi ta dariya har ta kwanta a tabarma. Ni har gobe ina nan a kan bakana cewa Hajiya ta ƙara ƙiba. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta rasa ɗanɗanawa.

Na zaci duka. Da ma dukan aka yi. Inna ta tashi ta zagaya bayan rumbu, ta dawo rungume da wani tsohon tulu da ya tsage a gindi, wanda ƙadangaru suka mayar gidan haya. Ta wanke shi, ta girke shi a gefen tabarma, a gindin dogon yaro. Ta auna wuyana da kyau, hannunta ɗaya a kan kaina don kada in motsa, sannan ta naɗa wa wuyan tulun tsumma har ya yi daidai da nawa, ta ja layi da gawayi.

"Wanga ba ya girma, ba ya miƙewa, ba ya magana," ta ce.

Taubashiyata ta ce, "Baiwata, an ba tulu sarautarki. Allah ya ja zamanin tulu."

"Ke ma taho," in ji Inna. "Hutu na ƙarewa, ba ni biyar ki Kalgo da zare."

Ta auna nata, ta ja layi na biyu a sama, inda wuyan tulun ya fi siranta. Dariyar ta tsaya kamar an ɗauke wuta. Bayan nan ma aka gano in an yafa wa tulun farin mayafi, hoton sarƙa ya fi fitowa a kansa. Ɗaliban ba su ko tambayi ina mai dogon wuya ta tafi ba.

Sauran hutun, ni da taubashiyata muka zama abokan zaman makoki. Mukan zauna a bakin madafa muna tsince shinkafa muna hararar tulu. Shi kuwa yana inuwa, sarƙa a wuya tun safe har yamma, ba mai ce masa ya cire. Mata in sun shigo sai su ce, "Kai, wagga ta yi mishi kyau." Ni a iya shekarun da na yi ina aikin nan ba wadda ta taɓa cewa ta yi mini kyau. Cewa suke in juya su ga baya.

Da hutu ya ƙare Kawu ya zo ɗaukar ɗiyarsa, Inna ta ce in bi su in kai kayan ɗalibai, in kwana biyu in dawo. Kowace sarƙa an naɗe ta a ƙyalle daban. Muka isa Kalgo, muka baje su a kan benci a rumfar abincin matar Kawu. 'Yan matan suka zo da jakunkunansu da ƙamshinsu, suna ta santi. Ta farko ta sa tata, ta juya kai don ƙawarta ta gani, sai ta ce, "Wash!" Ta shafa bayan wuya. Ta biyu ƙugiya ta kama mata mayafi, ta ja, zare ya biyo. Ta uku ta ce kamar akwai ƙaya a ciki. Na karɓa na shafa da yatsa. Bakin waya ne, ɗan mitsitsi, ya leƙo kusa da ƙugiya. Idon Inna ba ya ganin irinsa ko da tabarau. Ɗaliban ba su yi faɗa ba, sun ce suna so, a dai gyara a dawo da su.

Da suka tafi na dubi taubashiyata. Tana ta goge bencin da ba shi da datti.

"Ke, na farkon da anka gwada a wuyanki, ba su suke ki ba?"

Ta ɗaga ɗankwali ta nuna mini bayan kunnenta. Ga 'yan tabo nan ƙanana sun warke.

"To mi ya hana ki faɗa?"

"Haba. In dubi Gwaggo in ce aikinta na suka? Da wane bakin?"

"Da kin aro nawa."

"Naki ai ba ya aruwa, baiwata, kullum yana kan aiki."

A motar dawowa na rungume ƙullin sarƙoƙin kamar jariri. Ban taɓa jin daɗin ɗaukar kayan da aka mayar ba sai ranar. Na shiga gida, na gaida Inna, sannan na wuce gaban tulu na durƙusa, na kwance ƙullin a gabansa.

"Ranka ya daɗe, an maido kaya. Wai suna suka. Kai da ka wuni da su a wuya, mi ya hana ka faɗa?"

Tulu bai ce komai ba.

"Ko kunya ce irin ta mutanen Kalgo?"

Inna ta cire zare daga bakinta, abin da ba ta cika yi ba. Ta ɗauki sarƙa ɗaya ta juya ta a rana, ta shafa, ba ta ji komai ba, domin yatsunta sun yi kanta. Ta daɗe tana kallon ta. Gefen bakinta yana rawa, ta danne dariya.

"Kawo wuya," ta ce.

"Nawa ko nashi?"

"Kada ki bari in taso."

Na zauna a wurina, inda tabarma ta loɓa. Tana ɗora mini sarƙar na ƙwalla ƙarar da ta sa akuya ta tsinke igiya.

"Ina?"

"Nan, ƙasan kunne. Inna, na mutu."

"Ba ki mutu ba." Ta sa filaya ta matse. "Yanzu fa?"

Na juya kai dama da hagu, na ɗaga, na sunkuyar. "Saura gashi. Ƙugiya na ja."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har inuwa ta juya. Ta Hajiya ma da aka sake, sai da ta bi ta wuyana kafin a kai mata, kuma ta aiko da ƙuli-ƙuli cike da kwano, alamar an shirya.

Yanzu aikin ya rabu biyu: awo na tulu, ƙorafi nawa. Na ce wa Inna a mayar mini da duka biyun, ta ce wuyan da ya taɓa yi mata ƙarya ba ta sake ba shi zare. Don haka har yau sarƙa takan wuni a wuyan tulu tana shan yabo, ni kuwa a ɗora mini, in yi ihu, a cire. Kwanan nan ma na ga Inna ta ɗinka masa sabon mayafi, mai ɗan ado a baki.

Akuyarmu tana da wata ɗabi'a, tana son sosa jikinta da duk abin da ta samu a tsaye. Ni ban ce mata komai ba. Na dai lura rana tana dukan ta a inda take, tausayi ya kama ni, na matsar da turkenta gindin dogon yaro.